Haƙuri da Ƙafar da Ta Daina Ji

Hausawa suna girmama mai haƙuri. Mutumin da ciwo ya kama, ya cije bai yi raki ba, shi ake kira namiji. Amma akwai wani irin ciwo da ke sa a sake duban wannan yabo, domin shi ba ya kuka.

A ɗauki misalin direban motar haya da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, yana zaune wuri guda tun asuba. Wata rana ya sunkuya ya ɗaga taya, sai ya ji kwankwasonsa ya amsa. Bayan kwana biyu zafi ya sauko ta ɗuwawu, ya bi cinya har ƙwauri, kamar an zuba garwashi. Da aka yi mako uku zafin ya lafa, amma saman ƙafar dama da babban yatsa sun mutu, ko an tsira masa ƙaya ba ya ji sosai. Shi dai murna yake yi, wai sauƙi ya samu.

Abin da ya same shi sananne ne. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, biyar daga cikinsu suna kwankwaso, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki. In faifan ya tsage, abin cikinsa yakan fito ya danne jijiyar da ke wucewa kusa. Yawanci wannan yana faruwa a faifai biyu na can ƙasa, inda babbar jijiyar ƙafa take samo asali. Shi ya sa ciwon yana baya amma ƙafa ce ke shan wuya. A 1934 wasu likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wannan dalla-dalla. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da fiɗa ba, kuma mutuwar fata takan daɗe fiye da zafin kafin ta wuce. Ashe haƙuri yana da gurbinsa a nan, gurbi babba ma.

Sai dai zafi da mutuwar jiki ba abu ɗaya ba ne. Paul Brand, likitan da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin asarar yatsun da kutare ke yi ba cutar ce ke cinye naman ba. Jijiya ce ta daina kawo labari, mutum ya taka ƙusa ko ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, gyambo ya shiga. An ce jiki magayi. To, in magayin ya yi shiru, mai jikin ne ya kamata ya zama mai gadi da idonsa. Wanda ya daure wa zafi ya yi yaƙi da wani abu. Wanda ya ƙyale ƙafar da ta mutu kuwa bai daure wa kome ba, mantawa kawai ya yi, kuma kiran wannan haƙuri ɓata sunan haƙuri ne.

Ga kuma magani, wanda shi ma da nasa haraji. Gabapentin da pregabalin da amitriptyline, waɗanda akan bayar domin zafin jijiya, suna kawo gyangyaɗi da jiri. Na farko da na biyu kan kumbura ƙafa, na uku yana busar da baki. Ba kuwa ɗayansu da ke maido da ji ga fatar da ta mutu, zafi kaɗai suke nufa. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka buga a 2017, ya nuna pregabalin bai fi ƙwayar banza amfani ga irin wannan ciwon ƙafa ba, illa dai ya fi ta sa jiri. Diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha, suna iya kawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, da ake samu a faifan ɗan talla a tasha, kowa ya ga yadda yake kama samari ya ƙi saki. Akwai ma magungunan da su kansu ke kashe ƙafa, kamar isoniazid na tarin fuka, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6.

Yanzu direban yana tsakanin abu uku. In ya sha magani, barci na fizgarsa a kan sitiyari. In ya bari, zafi ya dawo ya hana shi zama. In ya faɗa wa mai mota gaskiya, wataƙila a miƙa makulli ga wani, gida kuwa akwai baki takwas da ke jiran hatsi. Wani zai ce jikinsa ne, shi ya san abin da zai iya ɗauka, kuma ba a tilasta wa talaka ya tona asirin da zai raba shi da abincinsa. Maganar tana da nauyi, wanda bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin watsar da ita.

Amma ƙafar da ke kan birki ba tasa ba ce shi kaɗai. Mutum goma sha tara da suka biya kuɗin mota sun ba shi amanar ransu bisa zaton idonsa biyu, ƙafarsa kuma tana jin abin da take takawa. Ba su yarda su yi haƙuri tare da shi ba, domin ba wanda ya tambaye su. Mutum yana da ikon ɗaukar wuya a kansa, ba shi da ikon ɗora ta a kan wanda bai sani ba. Mai motar ma ba a wanke shi ba: ubangidan da ke korar duk yaron da ya ce ba shi da lafiya, shi ne ke koya wa yaransa ƙarya.

Abin da ake bin direban bai kai yadda yake tsoro ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya gaya wa likita irin aikinsa, da kowace ƙwaya da yake sha, har wadda ya saya a tasha. Sau da yawa ana iya rage maganin, ko a mai da shi na dare, ko a sauya wani. Kada dai ya yanke shi rana ɗaya da kansa, gama irin waɗannan a hankali ake janye su. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya riƙa tattaki maimakon kwanciya wuni guda, ya gwada tafiya a kan diddige ya ga ko yatsun na ɗaguwa. In ƙafa ta fara ja da ƙasa, wannan ba na jira ba ne. In kuwa mutuwar ta kai tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko ta kama ƙafa biyu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo bai sani ba, to tushen jijiyoyin ne aka matse, kuma likitoci suna ƙidaya wannan da awoyi, ba da kwanaki ba. A ranar ake neman asibitin da ke fiɗa, ko da mota ta cika tana jira a tasha.