Ranar da Ba a Rubuta Ba

Ya Ubangiji, na farka da asuba na tarar an yi ruwa cikin dare. Ƙasa sai ƙamshi take. Geron bayan gida ya wuce ƙugu. Yau 3 ga Agusta.

Rana ce mai suna. A irinta, a 1960, Nijar ta karɓi ƴancin kanta daga hannun Faransa, Jori Hamani yana jan ragamar ƙasa. A irinta, a 1492, Kolombus ya tashi daga gaɓar Sifen da jiragen ruwa uku, bai san ƙasar da zai tarar ba. Takardu sun ce a irinta aka haifi Habib Burgiba, shugaban Tunisiya na farko, a 1903.

Ni dai zuciyata ta tafi wajen waɗanda ba a rubuta ba.

Ran nan ta 1960, ana shagali a Yamai, ba a rasa matar da ke kan gwiwa a wani ƙauyen Mayahi, bakin Gulbin Kaba inda goriba ta yi jere. Ungozoma ta yanke cibi. Aka ɗora ruwan wankan jego. Kwana bakwai aka raɗa suna. Ba wanda ya ɗauki alƙalami.

Innata cikin irinsu take. Takardarta cewa ta yi an haife ta "wajen 1960", shi ke nan. In na tambaye ta, sai ta ce an faɗa mata da damina ne, gero ya fara fid da kai.

Wannan "wajen" ya daɗe yana ci mini rai, kamar zuwanta duniya bai isa a riƙe ba.

To, amma Kai babu "wajen" a wurinka. Ka san ranar, ka san sa'ar. Kana cikin ɗakin sa'ad da ta yi kukan fari. Kai ka kawo ruwan nono a ƙirjin kakata, alhali rumbu ya kusa ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba.

In na tuna haka, kunyar yawan lissafina takan kama ni. Ina ƙirga damman da suka rage. Ina leƙen gabas ko hadari ya haɗu. Can ƙasan zuciya tsoro nake kada a manta da ni. Wanda bai manta da jaririyar ƙauye ba, yaya zai manta da ɗanta?

Tun 1975 ranar nan ta zama ta dashen itatuwa a ƙasarmu. An jima zan dasa ɗan dogon yaro a ƙofar gidanmu nan Tasawa. Ba za a faɗa a rediyo ba. Zan haƙa rami, in zuba taki, in kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Ya Ubangiji, ka shayar da shi. Ka riƙe mini yau kamar yadda ka riƙe ranar Inna.