Faretin 1 ga Oktoba: Tunatarwa ga Jama'ar Sabo

 

'Yan uwa, 1 ga Oktoba ta ƙarato, ranar da Nijeriya ta karɓi mulkin kai daga Ingila a 1960. Makarantu sun fara fitar da yara koyon maci, kuma iyaye da yawa sun tambayi kwamitin masallaci: shin ya halatta yaro ya shiga faretin da ake yi a filin Adamasingba? Liman ya yi bayani bayan sallar Asuba, ni kuma aka ce in rubuta saboda waɗanda suka yi sammakon kasuwa.

Jera runduna a gaban jama'a ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka, Annabi (SAW) ya umarci baffansa Abbas ya tsayar da Abu Sufyan a wata matsatsiyar hanya, ya ga mayaƙa dubu 10 suna wucewa, kowace ƙabila da tutarta. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Sa'adu ɗan Ubada, mai riƙe da tutar Ansar, ya yi wa Abu Sufyan barazanar cewa yau jini zai kwarara. Da maganar ta kai ga Annabi sai ya ƙi amincewa da ita, ya ce yau ranar girmama Ka'aba ce, kuma malaman tarihi sun ce an karɓe tutar aka ba ɗansa Ƙaisu. Ashe ana nuna ƙarfi ne don a hana zubar da jini. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo a bayan Annabi har ta gaji.

Inda malamai suka saɓa shi ne sara wa tuta da miƙewa don taken ƙasa. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya hana, malaman fatawa na Masar sun halatta, suna cewa alama ce ta ƙasa, babu mai nufin bauta. Liman ya fi karkata ga halacci, amma ya ce wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, kada kuma a jefi wani da shirka a kan mas'alar saɓani. Af, maganar nan da ake yawan ji cewa son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ba hadisi ba ce. A daina jingina ta ga Annabi.

A ganina mu mazauna Sabo mun fi kowa buƙatar ƙasar nan ta zauna lafiya. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan. Goro daga nan yake tafiya Arewa, shanu da albasa da tumatir daga can suke saukowa. Ranar da hanya ta rufe, mu ne farkon shan wuya. Ba mu manta rikicin kasuwar Shasha na Fabrairu 2021 ba, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ita kanta tutar, kore da fari da kore, wani ɗan garin nan ne ya zana ta, marigayi Taiwo Akinkunmi. Idan an daina ganin 'ya'yanmu a irin wannan taro, mu da kanmu muke gaya wa maƙwabta cewa baƙi ne mu, alhali a nan aka binne cibiyar yawancinsu.

To amma akwai sharaɗi. Azahar ba ta faɗuwa saboda fareti. Yaro ya fita da alwalarsa, babba ya raka shi, ya kuma lura da lokaci. 'Yan mata su je da hijabinsu, in an ce sai an cire, su haƙura su dawo gida, uba ya je ya yi magana da shugaban makaranta cikin ladabi. Raye-rayen da ake cakuɗa maza da mata ba namu ba ne.

Ku kuma samari 'yan acaɓa, masu ɗaura tuta a babur kuna tsere a titin Mokola, don Allah ku bari. In ɗayanku ya buge yaron wani, ba sunansa za a kira ba, "Bahaushe" za a ce, unguwa duka ta kwana cikin fargaba. A kula da cunkoso kuma, mun tuna bam ɗin da ya tashi kusa da dandalin Eagle Square a Abuja ranar bikin 2010.

Cikin sojoji da 'yan sandan da za ku gani suna maci akwai waɗanda abokansu suka kwanta dama a Borno da Zamfara. Bayan sallar Juma'a yau Liman zai ja addu'a dominsu da ƙasa baki ɗaya, a daure a zauna minti biyar kafin a ruga shago. Iyayen da yaransu za su je filin su ba ni sunayensu a ofishin masallaci kafin Isha'i, don a haɗa su da masu rakiya.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci