Fatawa kan tsohon mijin da ya yaɗa hotunan matar da ya saki

Tambaya: Daga Zuru nake. Lokacin da muke tare, maigidana ya ɗauki hotunana babu sutura. Bayan ya sake ni na nemi kuɗin ciyar da yara, sai ya tura hotunan a WhatsApp, ya ce zai ƙara in ban janye ba. Iyayena sun ce in yi shiru don rufin asiri. Ya halatta in kai ƙara?

Amsa: 'Yata, Allah ya saka miki. Kai ƙara ya halatta, ba ki da zunubi a ciki.

Abin da ya aikata babban laifi ne. Hadisin Abu Sa'idil Khudri a Sahihu Muslim ya sa mai tona sirrin shimfiɗar matarsa cikin mafi sharrin mutane ranar ƙiyama, saki kuwa ba ya warware wannan amana. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi wa masu son yaɗuwar alfasha alƙawarin azaba, don haka duk wanda hoton ya shigo wayarsa ya tura gaba, shi ma ya ɗauki rabonsa.

Ina girmama iyayenki, amma suturar da Musulunci ya yi umarni da ita ta wanda ya yi kuskure a ɓoye ce. Azzalumin da ke cutar da ke a bainar jama'a, shirunki ƙarfin gwiwa yake ba shi. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin faɗa.

Alƙalin kotun shari'a yana da ikon yi masa ta'aziri. In ya haɗa da jifan ki da zina bai kawo shaidu huɗu ba, haddin ƙazafi ne, bulala 80. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya da ke Birnin Kebbi ke sauraron irin wannan.

Kada ki goge saƙonnin barazanar. Ki adana su da lambarsa da ranakun. Ki je ofishin 'yan sanda tare da waliyyinki, ki nemi jami'a mace ta duba hotunan. Kuɗin ciyarwa haƙƙin yara ne, kada ki janye.

Allah ne mafi sani.