Ko Dabbar Da Za Ka Kashe Tana Da Haƙƙi A Kanka?

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda 'yan farauta kan wuce ta Titin Zariya idan rani ya yi, mota cike maƙil, karnuka na leƙe, ga gora ga barandami, ga bindigogin adaka an naɗe da tsumma. Yara su bi su da ihu, mu manya mu bi su da kallo. Wata ranar Asabar muna zaune a teburin mai shayi irin wannan mota ta gifta, sai wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya, wanda ya yi harbi a ƙuruciyarsa, ya girgiza kai ya ce, "Allah dai Ya sa kada su baro wata da ciwo."

Na ce, "Baba, wace ce za a baro?"

Ya ce, "Dabba mana, Malam." Daga nan ya ba mu labarin wani gwanki da ya taɓa harbi a wajejen dajin Falgore, shekaru masu yawa da suka wuce. Abin da ya ɗura wa bindigar tasa albarushi ne da guntayen ƙarafa, ga shi kuma ya yi harbin daga nesa saboda ɗoki. Gwankin ya faɗi, ya miƙe, ya shige ƙurmi. Kwana uku yana bin sawun jini. Da ya iske shi a bakin wani rafi, yana kwance da ransa, cinyar ta ruɓe, ƙudaje sun rufe ta, naman ma ba ya ciyuwa. Ya ce ya kashe namun dajin da bai san adadinsu ba kuma bai taɓa mafarkin ko ɗaya ba, sai wannan.

Tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai, ita ce kuma nake son mu tattauna da kai, ya ɗan'uwa mai karatu. Wanda ka riga ka yanke shawarar raba shi da ransa, ko akwai sauran wani haƙƙi nasa a kanka?

A wasu ƙasashe doka ta amsa wannan tambaya, kuma ta amsa ta da ma'auni. A Ingila, dokar harbin barewar ƙasarsu ta 1991 ta hana harbin manya daga cikinsu da bindigar da kaurin harsashinta bai kai inci .240 ba, wato kimanin milimita 6. A Jamus, manyan namun daji sai da harsashi mai kaurin milimita 6.5 zuwa sama, wanda kuma ƙarfinsa ya kai jul 2,000 bayan ya yi tafiyar mita 100. A ƙasashe irin su Tanzaniya, inda ake sayar wa masu kuɗi lasisin harbin ɓauna da makamantanta, mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi shi ne inci .375, kusan milimita 9.5, irin harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912. Da farko abin ya ɗaure mini kai, domin kuwa na ɗauka dokar tausayi za ta ce a rage girman makami ne. Ashe ƙaramin harsashi shi ne mugu. Ba ya iya ratsa fata da ƙashi ya kai ga zuciya ko huhu, sai ya tsaya a tsoka, dabba ta tafi da shi ta yi ta jinya babu mai magani. Ɓaunar da aka raunata kuwa, duk maharbi ya sani, ita ce ke komawa ta laɓe ta jira mai bin sawunta, ko ta huce a kan manomin da bai ji ba bai gani ba.

Wani malami abokin aikina da na kawo masa wannan zance dariya ya yi. A ganinsa wannan munafunci ne irin na mai ƙoshi: mutum ya biya dubban daloli don ya rataye ƙaho a falonsa, sa'an nan ya ce wai yana tausayin dabbar. In da tausayi, ya bar ta ta yi kiwonta mana. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma ban ga abin burgewa a kisan da ba yunwa ce ta kawo shi ba. To amma a nan tambayoyi biyu ne aka haɗa wuri guda. Ko ya dace a kashe, wannan daban. Idan za a kashe, ta yaya, wannan ma daban. Mai yanka ragon layya ya wuce tambaya ta farko, amma ba mu yarda ya ɗauko dakusasshiyar wuƙa ba. Kuskure a tambaya ta farko ba ya ɗauke wa mutum nauyin ta biyu, sai dai ma ya ƙara masa.

Kuma kada a ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Yaran Islamiyya da ke haddar Arba'una Hadis sun san hadisin Shaddadu ɗan Ausu, wanda Imamu Muslim ya fitar, da ke umurni da kyautatawa har a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba. Akwai kuma tambayar da Adiyyu ɗan Hatim ya yi wa Manzon Allah (SAW) game da farauta da wani sanda mai tsini, aka halatta masa abin da tsinin ya huda, aka hana shi abin da gefen sandan ya buge ya mutu. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani a kan naman da harsashi ya kashe, wasu suka hana, wasu kamar Ibnu Gazi da Abdulƙadir Alfasi na birnin Fas suka halatta, saboda yadda harsashi ke hudawa ya zubar da jini ya gaggauta mutuwa. Na san manufar farko a wannan babi halaccin nama ce. Amma ka lura, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙirƙiro ma'aunin jul, malamanmu suna zaune suna tantance wane makami ne ya cancanci a ɗauki rai da shi.

To mu a Nijeriya ina muka tsaya? Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Akwai haramtattu, cikinsu har da bindigogin soja masu cin harsashi .303 da 7.62, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai bindigogin farauta na zamani, su kuma sai da lasisin Sufeto-Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri ta baki irin su adaka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato ita wannan doka idonta yana kan mutum ne, yadda za a kare shi daga ɗan'uwansa mai bindiga, don haka gwargwadon ƙarfin makami gwargwadon wahalar samunsa. Sakamakon shi ne talakan maharbi ya tashi da bindigar da ta fi kowace raunata dabba ba tare da ta kashe ta ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 sun zayyana dabbobin da aka kare, an kuma hana harbi a gandun daji irin su Yankari da Falgore. Amma mazo ko gada da aka harba da guntun ƙusa a bayan wani ƙauye, babu ɗan sandan da zai bi kadinta.

Ba ina cewa a sakar wa mutane manyan bindigogi ba ne, Allah Ya kiyaye. Wanda ya ga abin da makamai suka yi wa Zamfara da Katsina ba zai faɗi haka ba. Ban kuma manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025 ba, akasarinsu mutanen Jihar Kano, suna hanyar dawowa gida yin ƙaramar Salla, bayan an ga bindigoginsu na farauta an ɗauke su masu satar mutane. A ƙasar da ran maharbin kansa ya yi wannan araha, wani zai ce wa ke da lokacin kukan gwanki? Ni kuwa gani nake cutar guda ce. Masu dukan nan na Uromi sun ɗauki rai ne kafin su tabbatar, suka aikata don makami na hannunsu kuma jini ya ɗau zafi. Abin da Baba ya yi wa gwankinsa ke nan daga nesa, duk da cewa ran mutum da na dabba ba ɗaya ba ne.

Saboda haka inda doka ta yi shiru, ma'aunin ya koma ƙirjin maharbi. Shi ya san iyakar bindigarsa, ya san taku nawa ƙarfen da ya ɗura zai yi kafin ya mutu. Magabatansa masu harbin giwa sun san adaka kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa suke ɗura mata sango mai dafin kwankwani, ko da yake wannan ma giwa kan yi tafiya mai nisa da shi kafin ta faɗi. Idan dabba ta fi ƙarfin makaminka, ko nisa ya yi yawa, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan kuwa ya fi bin doka wuya, domin a daji babu mai ganinka, ga yunwa a gida, ga abokan farauta da za su yi maka dariya in ka dawo hannu rabbana.

Mu marubuta ma da laifinmu. Maharbin da ke cikin littattafanmu da tatsuniyoyinmu ba ya kuskure, yana kirari zai saki harbi, kura ta lafa a ga gawa. Ban cika ganin wanda ya bi dabbar cikin ƙurmi ya rubuta mana kwana ukun nan ba, alhali a nan labarin yake.

Kafin mu watse na tambayi Baba abin da ya yi da ya iske gwankin. Ya ce ya yi bisimilla ya yanka shi, ya bar wa ungulu naman, ya kamo hanyar gida. Ya ci gaba da harbi har wajen shekara goma bayan haka, amma bai ƙara ɗaga bindiga a kan abin da ya fi gada girma ba. Ya shanye sauran shayinsa, ya ce wa mai shayi ya rubuta masa a littafi.