Giwa a Garin Wani: Wa Ke da Alhakin Dabbar da Aka Ɗaure?

 

Abin da ya jawo rubutun wannan makon wata 'yar muhawara ce da ta tashi a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Wani ɗan'uwanmu ya kai iyalinsa gida hutun sallah, ya biya da yara wani gidan zoo. Suka tarar da giwa ita kaɗai, da sarƙa a ƙafa, tana ta kaɗa kai dama da hagu. 'Yarsa mai shekara bakwai ta ce, "Baba, laifin me ta yi aka ɗaure ta?" Ya ce mana har suka dawo Tafa bai sami amsar da zai ba ta ba. Wani matashi ya ce ai ya gani a waya, akwai ƙasashen da ake tara kuɗi a gina wa irin waɗannan giwaye mafaka su ƙarasa rayuwarsu a sake. Nan take wani dattijonmu ya ce, "Ku ji tsoron Allah, yara. Nawa ne mudun shinkafa yau a Sabon Wuse? Marayu nawa ne a layinmu? Shi ne za ku zauna kuna jin tausayin giwa?" Aka yi dariya aka watse, amma maganar ba ta watse a zukatanmu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da ita kaɗan.

Mu fara da sanin wace ce giwa. Tana ɗaukar ciki wata 22 kafin ta haihu. Tana iya kai shekara 60 zuwa 70 a duniya, kamar ɗan Adam. Babbar giwa na iya cin abincin da ya kai kilo 150 a rana, ta yi tafiya mai nisa tana neman ruwa da ganye. Mata da 'ya'yansu a garke suke rayuwa, tsohuwar cikinsu ce ke gaba, ita ta san inda ruwa yake lokacin fari. In ɗaya ta mutu, sauran sukan tsaya a kan gawar suna shafa ta da hanci. To, dabbar da aka halitta haka, a ce an raba ta da danginta an tsayar da ita a kan siminti shekara da shekaru. Kaɗa kan nan da yarinyar ta gani, yara kan ɗauka rawa ce. Likitocin dabbobi sun ce alamar damuwa ce da kaɗaici.

Mu da muka baro Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, wasunmu ma Maraɗi, muka zo nan neman halal, mun san karin maganar nan da ke cewa giwa a garin wani zomo ce. Mun san yadda mutum mai daraja a garinsu yake zama ba kowa ba a baƙon wuri. Amma mu da ƙafarmu muka zo, kuma ran da muka ga dama za mu hau mota mu je mu ga dangi. Ita ba a yi shawara da ita ba, kuma ba ta da tashar da za ta je.

Irin wannan magana ta taɓa kaiwa gaban alƙali, kuma a ƙasar Musulmi. A Pakistan an yi wani toron giwa mai suna Kaavan, wanda ƙasar Siri Lanka ta bayar kyauta a 1985 yana ɗan ƙarami. Aka ajiye shi a gidan zoo na Islamabad. Abokiyar zamansa ta mutu a 2012, ya rage shi kaɗai shekara takwas. A watan Mayu na 2020 babbar kotun Islamabad, ƙarƙashin alƙali Athar Minallah, ta yanke cewa a fitar da shi zuwa inda ya dace da halittarsa, kuma cikin hujjojin da alƙalin ya kawo har da ayoyi da hadisai a kan haƙƙin dabbobi. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa wata mafaka a Kambodiya, bayan shekara 35 a tsare. Wani zai ce me ya hana a buɗe masa ƙofa kawai ya shiga daji? Dabbar da ta tashi a hannun mutum ba ta san hanyar ruwa ba, ba ta da garke, kuma ba ta tsoron mutane, sai ta faɗa gona a harbe ta. Amfanin mafaka ke nan: fili mai faɗi, 'yan'uwa, likita, babu sarƙa, babu mai sa ta wasa don kuɗi.

Yanzu mu koma ga maganar dattijonmu, don ba maganar banza ya yi ba. Gaskiya ne ɗan Adam ne a gaba. Zakka an faɗi mutane kashi takwas da za a ba, babu dabba a ciki. Wanda maƙwabcinsa ya kwana da yunwa shi kuma ya aika kuɗi ƙetare don giwa, ya sa abu a inda ba muhallinsa ba. Haka kuma manoman da ke kewayen dajin Yankari a Bauchi, inda ragowar giwayen ƙasar nan masu ɗan yawa suke, in garke ya shiga gonar mutum dare ɗaya ya gama da wahalar damina. Wanda bai taɓa asarar gona ba bai kamata ya yi wa wannan manomi wa'azin tausayi daga cikin inuwa ba.

Sai dai akwai inda muka ɗan saɓa da baba, cikin ladabi. Dabbar da ke daji, Allah ne ke ciyar da ita, babu wanda za a tambaya abincinta. Ran da mutum ya sa mata igiya, ya hana ta nema da kanta, daga ranar cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa. Wannan ya tashi daga sadaka ya koma bashi. Kowa a cikinmu ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mu lura da kyau, ba a ce ta doke ta ko ta yanka ta ba. Kulle ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Laifin tsarewa ne tare da sakaci. Mun kuma san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da raƙumin da ya zubar da hawaye gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya kira mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da yawan aiki. A lokacin nan akwai matalauta a Madina, akwai marayu, akwai waɗanda suke kwana a masallaci don ba su da gida. Duk da haka aka tsaya aka saurari ƙarar raƙumi. Ashe tausayi ba kamar kuɗin aljihu ba ne da in ka kashe a nan zai ragu a can. Abin da muka gani a rayuwa ma shi ne, yaron da ya saba jifan kare da ɗaure wa ƙadangare zare, shi ne yake girma da busasshiyar zuciya ga ƙannensa.

To, mu a Tafa ba mu da giwa. Amma mu duba abin da muke da shi. Muna bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, kullum tireloli na tsayawa cike da shanu da suka taso daga Arewa za su Kudu, an cusa su, wata ta faɗi ana taka ta, rana na dukansu, direba da yaran mota sun sauka cin abinci su kuwa ko ruwa babu. Wasu daga cikin masu dabbobin nan 'yan'uwanmu ne, wasu ma a sahun nan suke sallah. Ga kajin da muke ratayawa a babur kai a ƙasa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ga ragon layya da ake ɗaurewa da guntuwar igiya a rana kwana uku. Ga aku da kanari a kejin da ko fiffike ba sa iya buɗewa. Ga kuma masu wasa da kura da biri da suke zagayowa ranar kasuwa, an sa wa kura takunkumi da sarƙa, mu taru mu yi dariya mu jefa kuɗi. Kuɗin nan da muke jefawa shi ne yake sa gobe a koma daji a kamo wata. Ba muna zagin masu wannan sana'a ba ne, da yawansu gado suka yi, kuma suna da iyali. Muna dai tambayar kanmu ne ko nishaɗin minti goma ya kai a ɗaure rai har mutuwarsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar sana'ar hannu, don a nan ne giwa ta fi shan wahalar ɗan Adam. Hauren giwa haƙori ne, ba ya fita sai an kashe mai shi. Da shi ake sassaƙa awarwaro, carbi, ƙotar wuƙa da kayan ado. Mu 'yan kasuwa ba za mu ce ba ruwanmu ba, don a ƙarni na 19 ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus har da haure yake ɗauka, tare da fata da gashin jimina. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma masu fasa-ƙwauri ba su daina ba. A watan Janairu na 2024, nan kusa da mu a Abuja, gwamnati ta niƙe hauren da aka kama wanda ya kai tan biyu da rabi. Kowane haure biyu a tulin nan giwa ɗaya ce, wataƙila uwa ce da ta bar ɗa. Irin waɗannan marayun ne suke ƙarewa a keji, ko kuma in sun yi sa'a a gidan renon marayun giwaye irin na Nairobi a Kenya, inda ake shayar da su madara har su isa komawa daji. Waɗanda suka karanta Risala a cikinmu za su tuna an ambaci karhancin amfani da hauren giwa, tare da cewa malamai sun yi saɓani. Yau ga dokar ƙasa ta hau kai, ga kuma ɓarnar da ido ke gani.

Alhali kuwa kyau ba ya bukatar jini. Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, kuma a nan Suleja ta yi aikinta, lokacin ana kiran garin Abuja. Ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, ita ce mace ta farko a wurin, a 1954. Da yumɓu da hannunta ta yi tukwanen da aka kai Ingila da Amurka ana kallo. Tana zana kifi da kunama da ƙadangare a jikin tulu, ba ta kashe ko ɗaya ba. Hukuncin zanen mai rai mun bar wa malamanmu, abin da muke nuni a kai shi ne kayan aikinta ƙasa ce da ruwa da wuta.

Mu ma a gidajenmu akwai wannan arziki. Iyayenmu mata suna saƙa faifai da tabarma da kaba, suna ɗinkin hula, suna yi wa ƙwarya ado. Akwai dukawa a cikinmu da suke jaka da takalmi da fatar dabbar da aka yanka ta halal aka ci namanta. Yaranmu kuwa sun fi sanin waya a kan allura. Yaron da ya yi sati yana ɗinka hula guda ya san wahalar yin abu, kuma wanda ya san wahalar yi ba ya saurin ɓatawa. In ya ga halittar da shi ba zai iya yin ko gashinta ɗaya ba, zai ji nauyin wulaƙanta ta.

Saboda haka ba mu ce a kawo kuɗin giwa a asusun masallaci ba, asusun nan na marayu ne da marasa lafiya da gyaran rufi, haka zai ci gaba. Wanda Allah ya hore wa, ya sauke haƙƙin iyali da maƙwabta, sannan ya ga zai taimaka wa masu kula da dabbobin da aka tsare ko masu gadin daji irin na Yankari, kada kowa ya yi masa dariya, yana da lada in sha Allah. Sauranmu kuwa akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Kada mu sayi haure, kada mu sayar, kada mu yi dillancinsa ko da ribar ta kai nawa. In an zo wasa da kura, mu kama hannun yaranmu mu wuce. Masu lodin dabbobi su rage cunkoso, su shayar da su in an tsaya. Wanda yake da tsuntsu ko wata dabba a gida ya duba yau bayan an sauko daga masallaci, in ba zai iya riƙe ta da kyau ba ya nemi wanda zai iya. Iyaye mata masu sana'ar hannu kuma, muna roƙo ku ja yaran maƙwabta a jiki ranakun Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, ko mutum biyu ne ku koya musu.

Shi kuma ɗan'uwanmu mai 'yar shekara bakwai, ga amsar da muke ganin zai ba ta: giwar ba ta yi laifin komai ba, mutane ne suka ɗauki amanar da ta fi ƙarfinsu, kuma za a tambaye su. Ya gaya mata tambayar da ta yi tambaya ce mai kyau, kada ta daina irinta.

Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, malamai su gyara mana. Baba kuma da ya tayar da maganar, a yi mana afuwa, mun san don kishin marayu ka faɗa. Allah ya sa tausayi a zukatanmu, ya yi wa kasuwanninmu albarka, ya jiƙan iyayenmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren masallaci