Wuƙar da Aka Cire Daga Hannun Ƴar Ruwa

A 1837 Hans Christian Andersen, marubuci ɗan ƙasar Danmak, ya wallafa tatsuniyar ƙaramar ƴar ruwa. A 1989 kamfanin Disney ya mayar da ita fim ɗin katun. Masu kwatanta su sukan tsaya a kan ƙarshen labari: a fim ta auri yarima, a littafi ba ta aure shi ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata wuƙa da babu ita a fim ɗin.

A littafin, ƴar ruwa ta ceci wani yarima daga nutsewa, son shi ya kama ta. Ta je wurin mayyar teku, aka yanke mata harshe a bakin ƙafafu biyu, kowane taku kamar a kan kaifin wuƙa. Sharaɗin kuwa, in ya auri wata, ita za ta zama kumfa. Ya kuwa auri wata gimbiya da ya zaci ita ce ta cece shi. A daren biki yayyenta suka kawo mata wuƙar da suka saya da gashin kansu: ta soke shi kafin rana ta fito, ta koma gida da ranta. Ta shiga ta same shi yana barci, yana ambaton sunan amarya. Ta jefa wuƙar cikin teku.

A nan babu mugu. Amarya ba ta yi makirci ba, yarima bai san gaskiya ba, mayyar ma ta faɗi sharaɗinta tun farko. A fim kuwa, wadda ta so ƙwace yarima Eric daga hannun Ariel ita ce mayya Ursula da ta rikiɗe ta zama budurwa. Da aka kashe ta, komai ya daidaita. Wato an koya wa yaro cewa duk wanda ya samu abin da kake so azzalumi ne. Tatsuniyoyinmu ma sun sha yi wa kishiya wannan fenti.

Ban ce Andersen ba shi da laifi ba. Mu da muke cin abinci da murya a gidan rediyo, dole jikinmu ya yi sanyi da labarin yarinyar da ta rasa harshenta har abada saboda namiji, aka kuma yaba mata. Ariel ko ba komai muryarta ta dawo, kuma a nan ina bayan Disney.

Sai dai Ariel ba a taɓa jarraba ta da zaɓi irin na wuƙar nan ba. Rike amana ga wanda zai zama naka ba wuya. Halin mutum yana bayyana ne ranar da ya rasa, ga damar ramuwa a hannunsa, ba kuma mai ganinsa.

Ƴaƴanmu za su nemi aure a ba wani, za su nemi aiki a ɗauki abokinsu. A ranar ba za su sami mayyar da za su ɗora wa laifi ba. Su kalli katun ɗinsu, su yi dariya. Amma in an kashe talabijin, a samu babba ya ba su labarin wuƙar.