Kunya Ba Ta Maye Gurbin Sharaɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Ya 'yan'uwa Musulmi, da yawanmu a nan Damagaram masu zaman kansu ne. Mai shago a kasuwar Dole yakan ɗauki magini ya gyara masa rumfa, baduku yakan ba majemi fatu, tela yakan ba wani aikin surfani. Sau da yawa wanda muka ba aikin maƙwabci ne a Birni ko Zango, ko ma ya girme mu. Sai kunya ta hana mu yanke lada da ranar gamawa, mu ce: "Ai mu 'yan'uwa ne." Daga baya aiki ya tsaya, kuɗin kafin alƙalami sun ƙare, gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu.

Shin gindaya sharaɗi rashin yarda ne? A'a. A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 27 da ta 28, dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki, alhali zai aurar masa da 'yarsa. Duk da haka sun ambaci wa'adi a fili: shekara 8 wajibi, cikon 10 kuwa kyautatawa ce. Wane ne a cikinmu ya fi Annabi amana?

Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a cikin ijara a san lada, a kuma san aikin ko wa'adinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya tafi da su wurinsa. Hikimar ita ce toshe ƙofar husuma tun ba ta buɗe ba.

To amma iko yana da iyaka. Mai aiki ne ke faɗin abin da yake so, magini kuwa ya fi shi sanin kwaɓin ƙasa. Wanda ka ɗauka aiki ba bawanka ba ne: kada ka ƙara masa aiki ba da ƙarin lada ba, kada ka wulaƙanta shi gaban yaransa, kada ka ja masa rai wajen biya.

Saboda haka mu yi magana a fili tun farko, mu rubuta, mu kafa shaidu biyu. Ɗacin magana ta yini ɗaya ya fi gabar shekaru sauƙi.

Allah ya sa mu cika alkawari, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Amin.